Kunne Ya Girmi Kaka: Dara da Cacar Rumawa

A filinmu na wannan sati za mu koma baya shekara kusan 2000, mu leƙa daular Rum, wadda a zamanin ƙarfinta ta mallaki ƙasa tun daga arewacin Ingila har zuwa Masar da Sham, ta haɗa da gaɓar Afirka ta Arewa baki ɗaya. Duk wanda ya zauna kan bencin lakwal ya ji labarin sarakunanta da rundunoninta da hanyoyin da ta shimfiɗa da dutse. Abin da mushe bai cika faɗa ba shi ne abin da mutanen nan suke yi in an tashi daga aiki, in soja ya sauka daga gadi, in ɗan kasuwa ya rufe rumfa.

Littattafan Rumawa ba su yi dogon bayani a kan wannan ba, domin marubutansu manyan mutane ne, kuma wasan talaka bai dame su ba sai in za su zarge shi. Amma gani ya kori ji. Masu haƙar kufai, wato masanan da ke tona tsofaffin garuruwa domin sanin tarihi, da wuya su buɗe barikin soja, ko gidan wanka, ko mashaya ta Rumawa, su tashi ba su tsinci ƴaƴan wasa ba. Dokar Rum ta hana caca tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙasar Rum kuwa ga ta cike da kayan wasa da na caca. Wannan saɓani tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka tono shi ne zancenmu na yau.

Kayan wasan

Abin da aka fi tsinta shi ne ƴaƴan wasa, ƴan ƙananan abubuwa masu kewaye, ƙasansu a shafe, samansu a tashe kaɗan, mafi yawansu faɗinsu kamar na dala. Da ganinsu za a san aljihun mai su. Mai hali yana da na gilashi, fari da baƙi ko shuɗi, ko na hauren giwa. Mai matsakaicin ƙarfi yana da na ƙashi. Talaka kuwa sai ya ɗauki tsingaron tukunya ya goge bakinsa a kan dutse har ya kewaye, ya shiga wasa da shi kamar kowa.

A harshen Latin sunan irin wannan ɗan dutse calculus. Da shi ake wasa, da shi kuma ɗan kasuwa da mai karɓar haraji suke lissafi a kan allo. Daga nan ne Faransanci ya samo kalmar calcul da aka wahalar da mu da ita a aji. Saboda haka mai tono in ya tsinci ɗaya shi kaɗai, ba kullum yake iya rantsewa ba ko na ɗan wasa ne ko na akawu.

Sai ƙwayoyin jefawa, iri biyu. Akwai mai fuska shida, irin ƙwayar lido da yaranmu suka sani, wadda fuskokinta biyu masu juya wa juna baya kan haɗu su ba da 7. Akwai kuma ƙashin idon sawun tunkiya ko akuya, wanda gefe huɗu kawai yake iya kwanciya a kai, aka ba gefunan lamba 1 da 3 da 4 da 6. Guda huɗu ake watsawa lokaci ɗaya, kamar yadda ƴan cacar ƙasar Hausa na da suke watsa wuri. In kowane ƙashi ya faɗi da lamba dabam, wannan ita ce jifa mafi daraja, suna kiranta da sunan gunkiyarsu Benus. In duka huɗun suka ba da 1, sunan jifar “kare”, mai ita kuma sai haƙuri.

Wasanni biyu suka fi suna. Na farko shi ne ludus latrunculorum, ma'ana wasan ƴan sojoji, wanda ake yi a kan allo mai gidaje murabba'i, ba da ƙwaya ba, sai dai dabara. In ka sa ɗan abokin karawarka a tsakanin naka biyu, ka cinye shi. Mai dara zai ga kama, amma kama da wane ba ta wane: a dararmu mai gida 30 da ƴaƴa 12 ga kowa, jera uku kake yi kafin ka ci. Na biyu shi ne duodecim scripta, mai layi uku, kowane layi gida 12, jimilla gida 36, inda ƙwaya ke faɗa maka yawan gidan da za ka taka. A kan wannan ne kuɗi suka fi zuba.

Daga Timgad zuwa Ingila

Mu fara da nahiyarmu. A ƙasar Aljeriya, kusa da Batna, akwai kufan birnin Timgad, wanda sarki Tarajan ya kafa a shekara ta 100 domin tsofaffin sojoji. A kan daɓen dandalin birnin wani ya sassaƙa kalmomi shida, kowace da harafi shida, a jere layi uku. Ma'anarsu ita ce farauta da wanka da wasa da dariya, su ne rayuwa. Wanda bai sani ba zai ɗauka karin magana ne kawai, alhali allon wasa ne: haruffan 36 su ne gidajen da ake taka ƴaƴa a kai. An samu alluna irin wannan masu yawa, kowane da maganarsa. Wani yana zolayar wanda aka cinye, yana ce masa ya tashi tun da bai iya ba. Wani kuma jerin abincin dare ne na mashaya, kaza da kifi da cinyar alade da ɗawisu, mai gidan ya haɗa talla da wasa a kan dutse ɗaya.

A birnin Roma kansa, a tsakiyar dandalin da ake mulkin duniyar wancan zamani, akwai babban ginin da ake kira Basilika Yuliya, inda alƙalai suke zaman shari'ar gado da dukiya. Har yau mai ziyara yana ganin allunan wasa da aka kankare a kan matakalarsa ta marmara. Ma'aikacin da ya san zaman jira a ƙofar biro ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda aka yi suka zo nan. A ciki lauya yana ta zuba, a waje masu jira da ƴan zaman banza sun duƙa a kan matakala suna tura duwatsu.

Daga nan sai iyakar arewa. A shekara ta 122 sarki Hadiriyan ya sa aka fara gina ganuwa mai tsawon kilomita kusan 117 a arewacin Ingila, domin tsare daula daga ƙabilun da ba su yi mubaya'a ba. Kusa da ita akwai barikin Bindolanda, wanda ya yi suna tun 1973, lokacin da aka fara tono wasiƙun sojoji rubuce a kan siraran katako, har da takardun neman hutu. A 2019 aka tono allon wasa na dutse a can. Ya tsage, shi ya sa magina suka sa shi cikin daɓen wani gini a ƙarni na 3. A garin Korbirij, nan kusa, a 1964 aka tono akwatin da sojoji suka binne, cike da sulke da kawunan masu da kayan aiki, kuma a cikin kayan da suka ga sun cancanci ɓoyewa har da tarin ƴaƴan wasa na gilashi. Aikin soja a iyaka yawancinsa jira ne cikin sanyi, nesa da gida, allon nan kuwa shi ne abokin hira.

Abin da ya fi ban mamaki an same shi ne a Stanway, kusa da birnin Kolcesta, a 1996. Kabarin wani mutum ne da aka binne wajen shekara ta 50, ƴan shekaru kaɗan bayan Rumawa sun ci ƙasar. Tare da shi akwai wuƙaƙen fiɗa da sauran kayan likita, shi ya sa ake kiransa kabarin likita. Akwai kuma allon wasa na katako, wanda ya ruɓe ya bar ƙarafan kusurwoyinsa, da ƴaƴan gilashi 26, fari 13 da shuɗi 13. Ƴaƴan suna nan a jere, fari suna fuskantar shuɗi, har an ɗan tura waɗansu gaba kamar an fara wasa. Shekara sama da 1900 ƙasa ta riƙe su yadda aka ajiye. Da ɓarawon kufai ne ya riga masana isa wurin, da ya kwashe su cikin aljihu ya sayar, mu kuma ba za mu taɓa sanin yadda aka jera su ba. Irin wannan asara ce ta afka wa kufan Bura a yankin Tera, inda bayan tonon da Bube Gado ya jagoranta a 1983, masu haƙar dare suka wawashe wurare masu yawa.

Wasan bai tsaya a iyakar daula ba. A Kustul, ƙasar Nuba, kusa da iyakar Masar da Sudan ta yau, a farkon shekarun 1930 masu tono sun buɗe kaburburan sarakunan da ba su ƙarƙashin Rum, suka samu allon katako mai adon hauren giwa, da ƴaƴansa da ƙwayoyinsa. Inda rundunar Rum ta tsaya, fatake sun wuce da wasanta.

Abin da doka ta ce

A takarda, dokar ba ta da wasa. An hana jefa ƙwaya a kan kuɗi duk shekara, sai a kwanakin bikin Saturnaliya da ke farawa ranar 17 ga watan Disamba, lokacin da ake sassauta wa kowa har bayi. Jami'an da ke kula da kasuwa da tituna su ne aka ɗora wa kama masu caca a mashaya. An yarda a sa kuɗi a kan gasar ƙarfi kawai, kamar tsere da tsalle da kokowa da jifan mashi, domin waɗannan suna gina soja. Bashin caca ba shi da alƙali. Mai gidan caca kuwa, in aka yi masa duka ko aka sace masa kaya a lokacin da ake caca a gidansa, ba shi da ikon kai ƙara, doka ta ce shi ya jawo wa kansa.

Yadda abin yake a zahiri kuwa, birnin Pompeyi ya nuna mana. A shekara ta 79 dutsen Besubiyus ya yi aman wuta ya binne birnin da toka, ya adana shi kamar yadda yake a ranar. A bangon wata mashaya an samu zanen mutum biyu da allo a kan gwiwoyinsu, an rubuta maganar kowa a saman kansa. Ɗaya yana cewa ya fita, wato ya ci. Ɗayan yana musu, yana cewa ƙwayar biyu ta nuna, ba uku ba. A zane na gaba sun miƙe sun shaƙe juna suna zagi, mai mashaya yana tura su waje yana cewa su je can su yi faɗansu. Abin lura a nan shi ne mai gidan bai ɓoye ba. A bangonsa ya sa aka zana abin da doka ta hana, inda kowane jami'i zai gani in ya shigo. Zanen yana gidan ajiyar kayan tarihi na birnin Napoli.

Wanzami ba ya son jarfa

Me ya sa dokar ta zama abin dariya? Sai mu duba sama. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), babban lauya Siseron ya zargi Markus Antoniyus, wanda ke riƙe da mulki a lokacin, da cewa ya maido wa wani mutum haƙƙoƙinsa bayan kotu ta same shi da laifin caca a tsakiyar dandali, ba don wani dalili ba sai don abokin cacarsa ne.

Sarki Agustus, wanda aka sa wa watan Agusta sunansa, shi ne ya yi ta kafa dokokin gyaran tarbiyya, amma masanin tarihi Suwetoniyus ya shaida cewa yana jefa ƙwaya a fili, ranar biki da ranar da ba biki ba, har tsufansa. A wata wasiƙa da ya aika wa Tiberiyus, ɗan matarsa, ya ba da labarin cewa ya yi asarar sestas 20.000 a wasa cikin kwanakin wani biki, ya ƙara da cewa da bai yi ta yafewa da kyauta ba, da ribar 50.000 zai tashi da ita. Sarki Kalaudiyus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa ta 54, har littafi ya rubuta a kan wasan ƙwaya, kuma ya sa aka kafe masa allo a cikin keken dokinsa yadda girgizar hanya ba za ta watsa masa wasa ba.

Yanzu mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. A zamanin Agustus albashin sojan runduna sestas 900 ne a shekara, kuma daga ciki ake cire kuɗin abincinsa da tufafinsa. Ke nan abin da sarki ya zubar yana dariya ya fi albashin soja na shekara 22. Sarki ya tashi daga kan allo yana nan sarkinsa, har yana alfahari da karamcinsa. Sojan da ya zubar da albashin wata huɗu a kan irin wannan allo kuwa, bashi ne zai bi shi har lokacin biya na gaba, in ma bai kai ga jinginar da kayansa ba. Allon ɗaya ne, ƙwayar ɗaya ce, amma asarar ba ɗaya ba ce. Masu ikon ɗaukar asara su ne suka rubuta doka, su ne kuma suka nuna wa talaka cewa karya ta ba kome ba ne.

Shekara 500 bayan Agustus matsalar tana nan. A shekara ta 529 sarki Justiniyan, daga birnin Kustantiniya, ya sake hana caca, ya ba wanda aka cinye ko magadansa ikon neman kuɗinsu har tsawon shekara 50, in kuma sun ƙi nema, hukumar gari ta karɓo ta sa cikin ayyukan jama'a. Dokar da ake ta sabuntawa ƙarni bayan ƙarni, ita da kanta take shaida cewa ba a bin ta.

Zamba da rabo

Inda kuɗi suka shiga wasa, yarda takan fita. A shekarun 1980, a kufan wani gidan gona a yammacin Jamus, an tono wata ƴar hasumiya ta tagulla ta ƙarni na 4, tsawonta bai kai kamu biyu ba. Ta sama ake jefa ƙwaya, ta gangaro kan ƴan matakalai a ciki, ta fito ta ƙasa tana kaɗa ƴan ƙararrawa. Amfaninta shi ne hana mai saurin hannu murɗa ƙwaya. A jikinta an rubuta cewa an ci Fiktawa da yaƙi, an hallaka abokan gaba, a yi wasa cikin kwanciyar hankali. Fiktawa su ne mutanen da ke bayan ganuwar Hadiriyan, a ƙasar Sikotlan ta yau. Mai wannan rubutu ya san abin da mu ma muka sani a Sahel, cewa sai gari ya kwana lafiya ake shimfiɗa tabarmar wasa. Hasumiyar tana gidan tarihi na birnin Bon.

Su kansu ƙwayoyin akwai magana a kansu. Masana biyu, Jelmer Eerkens da Alex de Voogt, sun auna ƙwayoyin zamanin Rumawa da aka tono a ƙasar Holan, suka bayyana a 2022 cewa mafi yawansu ba daidai suke ba, wani gefe ya fi wani faɗi yadda ido ma yana gani, kuma sau da yawa lamba 1 da 6 ne a kan manyan fuskokin. A ganinsu wannan ba lalle zamba ba ce. Barume ya ɗauka cewa gumakansa da rabonsa ne ke juya ƙwaya, saboda haka siffarta ba ta dame shi ba. Ilimin lissafin sa'a, wanda ke nuna sau nawa kowace lamba za ta fito, sai a ƙarni na 16 da na 17 aka kafa shi a Turai. Barume yana da uzurin rashin sani. Mai caca na yau ba shi da wannan uzuri, domin wanda ya shirya cacar ya riga ya yi lissafinsa, ya ware ribarsa tun kafin a sa ko dala.

Abin ɗauka

Mutumin Timgad da ya lissafa wasa da dariya cikin abubuwan rayuwa bai yi ƙarya ba. Wanda ya wuni a rumfa ko a biro yana da haƙƙin ya huta, kuma dara a gindin bedi ko belot a majalisa bayan la'asar ba su taɓa rushe gidan kowa ba muddin ba a sa kuɗi. Talakan Rum da tsingaronsa ya samu daɗin da mai hauren giwa ya samu. Ɓarna tana farawa ne daga ranar da aka ɗora jika a gefen allo, kuma addininmu ya riga ya yanke hukunci a kan wannan. A yau ba a buƙatar mashaya ko matakalar kotu, cacar ƙwallo ta shigo cikin wayar salula, tana bin ma'aikaci har ɗakinsa ranar da albashi ya faɗo, tana bin yaron shago da cinikin maigidansa a aljihu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba ya fita.

Ga hukuma kuma darasin a fili yake. Rum ba ta rasa doka ba, ba ta rasa alƙalai ba, ba ta rasa jami'an kasuwa ba. Abin da ta rasa shi ne manyan da za su fara bin dokar da suka kafa, shi ya sa ta shekara sama da 700 tana hana abu ɗaya ba ta hanu ba. Kowace doka ce, ta caca ko ta haraji ko ta kwastan, talaka ba takarda yake karantawa ba, hannun na gaba yake kallo. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Mu kwana nan. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.